Ɗan Marainan da Bai Sauko Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Kafin in ce komai, ina neman afuwar iyayena maza da mata da malamaina da ke sauraro. Maganar yau ta shafi al'aurar namiji. Zan tsare ladabi iyakar iyawata, amma dole in kira wasu abubuwa da sunansu, don in na yi ta kewaye-kewaye, wanda nake so ya gane da shi ake ba zai gane ba. Iyaye mata, kada ku murɗe rediyo don kun ji an ambaci maraina. Akwai rabonku a zancen nan, kuma babba ne.

A cikinmu akwai maza, magidanta da samari, waɗanda tun tasowarsu ɗan maraina ɗaya suka sani a jikinsu. Ɗaya ɓangaren jakar fayau yake, ba komai a ciki. Wani ma duka ɓangarorin biyu haka suke. Mutum ya girma a haka, ya yi aure, wataƙila har ya haihu, ya saki jiki cewa haka Allah ya halicce shi. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. To ɗan'uwana, in da kai nake, ka ba ni aron hankalinka na 'yan mintocin nan. A mafi yawan lokuta na biyun yana nan a jikinka, hanya ce bai ƙarasa ba. Ko dai ya maƙale a gefen mara, daidai inda ƙaba take fitowa, ko kuma yana can cikin ciki inda hannu ba ya kaiwa. Akwai waɗanda nasu ya shanye tun suna cikin mahaifa, amma ba a tabbatar da haka sai an bincika a asibiti. Shi kuwa ɗan marainan da ya zauna inda ba wurinsa ba, ya fi wanda ya sauko saurin kamuwa da ciwon daji, wato sankara, ko kansa kamar yadda aka fi faɗa yanzu.

Bari mu koma tun farkon halitta. 'Ya'yan marainan ɗa namiji ba a cikin jaka suke fara tsirowa ba. Can sama suke fitowa, a bayan ciki, kusa da ƙoda. Yayin da ɗan tayi yake girma sai su riƙa gangarowa sannu a hankali, har su iso bakin wata 'yar kafa da ke gefen mara. A wajen wata na 7 zuwa na 8 na ciki suke ratsa kafar nan su faɗa cikin jaka. Hikimar da ke cikin wannan tafiya ita ce sanyi. Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne, ƙwayoyin haihuwa kuwa ba sa ƙulluwa da kyau sai a wurin da ya fi haka sanyi da digiri 2 zuwa 3. Shi ya sa aka rataye su a waje.

Kusan yara maza 3 cikin 100 da aka haifa a cikakken wata ana haifarsu tafiyar ba ta kammala ba. A bakwaini abin ya fi yawa nesa ba kusa ba, yana kaiwa wajen 30 cikin 100. Da yawansu nasu yakan sauko da kansa a watannin farko. Amma in yaro ya wuce wata 6 bai sauko ba, da wuya ya ƙara saukowa, sai ya rage kusan yaro 1 cikin 100 da ke buƙatar a sauko masa da shi ta hanyar tiyata. Ku auna yawan mazan da ake haifa a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato a shekara guda, akasari a gida, ba tare da wani ma'aikacin lafiya ya taɓa jakar jaririn ba. Waɗannan yaran su ne magidantan da nake wa magana yau.

Ba na so in tayar wa kowa hankali fiye da kima. Dajin maraina ba ciwo ne mai yawa ba, kuma a tsakanin baƙar fata ya fi ƙaranci in an kwatanta da ƙasashe irin su Denmak da Norwe, inda ya fi ko'ina yawa. Mafi yawan masu ɗan marainan da bai sauko ba za su gama rayuwarsu ba su gamu da shi ba. Sai dai haɗarin da ke kansu ya ninka na sauran maza, kuma wanda nasa yake cikin ciki ya fi mai na gefen mara haɗari. A Suwidin an bi diddigin maza kusan 17,000 da aka yi wa tiyatar sauko da maraina tsakanin 1964 da 1999, aka fitar da sakamakon a 2007. Waɗanda aka yi wa aikin kafin su kai shekara 13, haɗarinsu ya ɗan haura ninki 2 na sauran jama'a. Waɗanda aka yi wa daga shekara 13 zuwa sama, nasu ya haura ninki 5. Wannan ya nuna abu biyu: daɗewa a wurin da ba nasa ba yana ƙara lalata ɗan maraina, sannan ko an sauko da shi da wuri haɗarin ba ya gushewa gaba ɗaya.

Me ya sa ba ya gushewa? Saboda tushen matsalar tun daga cikin mahaifa yake. Wani likita a birnin Kofanhagen mai suna Niels Skakkebaek ya gano a 1972 cewa akwai wasu ƙwayoyin halitta a marainan wasu maza waɗanda ba su gama nuna ba tun mutum yana ɗan tayi. Suna nan kwance shiru har yaro ya balaga, sinadaran balaga su taso su farkar da su, daga nan su rikiɗe su zama daji. Shi ya sa wannan ciwo ya saɓa wa yawancin cututtukan daji da muka sani da tsofaffi. Na matasa ne, 'yan shekara 15 zuwa 40, masu jini a jika, masu ƙananan 'ya'ya. Shi ya sa kuma ko ɗan marainan da ya sauko lafiya a ɗaya ɓangaren yana da ɗan nasa haɗarin, ko da yake bai kai na ɗan'uwansa ba.

Don haka a cire wasu zarge-zarge daga rai. Ba hawan babur ne ke kawo shi ba, ba bugun ƙwallo ba, ba wani abu da uwa ta ci tana da ciki ba. Ba a ɗaukarsa ta saduwa, miji ba zai shafa wa matarsa ba. Abin da aka sani shi ne, wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yi, ya kamata ya ƙara sa ido.

Yanzu mu zo kan wurin da na fi so mu tsaya. Namijin da marainansa suke cikin jaka, in ƙari ya fito masa, yakan ji shi da hannunsa yana wanka, tun yana ƙarami: wani tauri mara zafi, ko ɗaya ya fi ɗaya girma da nauyi. Wanda nasa ke cikin ciki ba shi da wannan dama. Ciki wuri ne mai faɗi, ƙari yana iya shafe watanni yana girma ba a sani ba. Sai ya yi girman da zai danne hanji ko mafitsara ko jijiyoyi kafin mutum ya fara jin wani abu. Abin da zai ji kuma bai yi kama da ciwon maraina ba ko kaɗan. Nauyi ne a mara, ciki na kumbura ta gefe ɗaya, ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, saurin ƙoshi, bayan gida na wuya, fitsari akai-akai, rama ba dalili.

Akwai kuma ciwon baya, kuma ina so ku gane dalilinsa. Ɗan maraina kamar yaɗon kabewa yake: ko 'ya'yan suna can kan danga, saiwar tana inda aka shuka. Jijiyoyin jininsa da hanyoyin ruwan jikinsa duk can kusa da ƙoda suke komawa, inda ya fara tsirowa. Saboda haka in dajin zai yaɗu, zangonsa na farko shi ne kaluluwar da ke jere a bayan ciki, gaban ƙashin baya. In suka kumbura sai saurayi ya kama ciwon baya mai nacin tsiya, wanda ba ya jin maganin shafawa, har ya hana shi barci. Daga nan yana iya haurawa huhu, a ga tari da haki, wani lokaci har da jini. Wani kaluluwa ce za ta fito masa a gindin wuya ta hagu. Wani ƙafa ɗaya ce za ta kumbura. Wani kuma nonuwansa ne za su tasa su riƙa zafi, saboda wani sinadari da ƙarin yake zubawa a jini. Wani lokaci nauyin ƙarin kan sa ɗan marainan ya murɗe a cikin ciki, mutum ya faɗi da matsanancin ciwon ciki da amai, a garzaya da shi asibiti ana zaton afendis ne.

Ku ɗauka ga magidanci ɗan shekara 30 da irin waɗannan alamu. Zai fara da kemis, a ce masa olsa ce. In bai ji sauƙi ba a ce taifod. Ya sha jiƙon basir, ya sha na shawara. Da ciki ya fara tasowa a ce hanta ce, wani ya ce sammu ne. In tari ya shigo a ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata 6. Duk wannan yawon, ba wanda ya ce masa ya sassauta wando a duba, shi kuma bai ga abin da ya haɗa ciwon cikinsa da sirrin da yake ɓoyewa tun yana yaro ba. Wannan shi ne abin da ke ƙona min rai, domin dubawar da ba ta wuce minti ɗaya ba ta isa ta nuna wa likita inda zai dosa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu sun yi bayani cewa likita ya ga al'aura saboda larurar magani halas ne. In kana jin nauyin likita mace, ka nemi namiji. Kuma kada ka jira a tambaye ka. Kai ne za ka fara buɗe baki ka ce: likita, tun da aka haife ni ɗaya gare ni.

Ma'aikatan lafiya da ke sauraro, musamman na ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na karkara, ku ma ina roƙonku. Duk namijin da ya zo muku da ƙari a ciki, ko kumburi a gefen mara, ko ciwon bayan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ku duba jakar marainansa kafin ku rubuta magani. Kumburin gefen mara ba kullum ne ƙaba ba, ko da yake sau da yawa su biyun tare suke tafiya.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin kiwon lafiya, muna magana ne kan ciwon dajin da ke kama ɗan marainan da bai sauko ba.

To an isa asibiti, me za a yi? Bayan likita ya duba da hannu, sai hoto. Sikanin irin wanda ake wa masu ciki yana nuna ɗan marainan da ke gefen mara da kyau, yana kuma nuna babban ƙari a ciki. Amma ƙaramin ɗan maraina da ke ɓoye a bayan hanji yakan kuɓuce masa. Saboda haka in an ce maka sikanin bai ga komai ba, wannan bai zama hujjar cewa babu ba. Ana buƙatar babban hoto na siti-sikan, na ciki da na ƙirji, wanda zai nuna ƙarin da kaluluwar bayan ciki da huhu. In har yanzu da shakka, likitocin tiyata suna huda 'yar ƙaramar kafa kusa da cibiya su zura kyamara su leƙa da idonsu. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace tabbatar da ko yana nan ko babu.

Sai gwajin jini guda uku da ake kira AFP da hCG da LDH. Sinadarai ne da irin wannan daji yake yawan zubawa a jini. Shi hCG shi ne sinadarin da ke sa gwajin ciki na mata ya nuna akwai ciki, har ma yakan faru a gwada fitsarin namiji mai wannan ciwo tsinken ya nuna layi biyu. Amma kada wani ya sayi tsinken gwaji ya ce ya wanke kansa, domin da yawan masu ciwon ba sa nuna komai. Amfanin gwaje-gwajen nan ya wuce gano ciwo. Ana ɗaukarsu kafin tiyata, a sake ɗauka bayanta. In an cire ciwon duka, hCG yana raguwa da rabi cikin kwana 1 zuwa 2, AFP kuma cikin kwana 5 zuwa 7. In suka ƙi sauka, likita ya san akwai saura a wani wuri ko da hoto bai nuna ba. Don haka a daure a yi na farkon nan kafin a shiga ɗakin tiyata, kuma a adana takardar.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Kumburin gefen mara ko na maraina, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho. Ko a asibiti ba a tsaga jakar maraina don a ɗebi tsoka, domin hakan yana buɗe wa dajin sabuwar hanyar yaɗuwa da ba ita ce tasa ba. Ƙa'ida ita ce a yanka ta gefen mara, a ɗaure igiyar ɗan marainan tun daga sama, a fito da shi ɗungurungum. In yana cikin ciki, a buɗe cikin ko a yi aikin da kyamara. In kuwa ƙarin ya yi girman da ya manne wa hanji ko manyan jijiyoyin jini, likitoci kan ɗebi ɗan kaɗan da allura su gwada, su fara ba da magani ya motse, sannan a yi tiyata daga baya.

Abin da aka cire dole a kai shi ɗakin gwajin tsoka. Na san wasu iyalai kan nemi a ba su su binne, wasu kuma kuɗin gwajin ne ke gagararsu bayan sun biya na tiyata. Ku yi haƙuri ku bari a gwada, domin sakamakon ne ke raba hanya. Dajin maraina gida biyu ne. Akwai wanda ake kira seminoma, shi ne aka fi samu a ɗan marainan da ya zauna a ciki har girma. Yana tafiya a hankali, kuma yana jin magani ƙwarai. Akwai kuma sauran da ba seminoma ba, waɗanda suka fi saurin yaɗuwa, suka fi kama masu ƙarancin shekaru. Seminoma zalla ba ya ɗaga AFP, saboda haka in an ga AFP ya hau, ana ɗaukar ciwon a matsayin na gida na biyu.

In ciwon bai fita daga ɗan marainan ba, sau da yawa tiyatar kaɗai ta wadatar, sai a ci gaba da sa ido da hoto da gwajin jini. A masu seminoma, wajen 15 zuwa 20 cikin 100 ne ciwon kan dawo musu, su ma kuma ana warkar da su in an kama da wuri. Wanda zuwa asibiti akai-akai zai yi masa wuya saboda nisa, likita na iya ba shi ƙarin ruwa na wani magani mai suna kabofilatin sau ɗaya, ko a yi masa gashi da na'ura a kaluluwar bayan ciki, don a rage yiwuwar dawowar.

In kuwa ya riga ya yaɗu, to a nan ne nake da albishir, kuma ina so duk wanda ya ɗauka cewa daji hukuncin kisa ne ya saurara. A 1965 wani masani a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, Barnett Rosenberg, yana gwajin tasirin wutar lantarki a kan ƙwayoyin cuta, sai ya ga sun daina rabuwa. Da ya bincika ya tarar ba wutar ba ce, wani sinadari ne da ke narkewa daga ƙarfen filatinam da ya tsoma a ruwan. Daga nan aka samu maganin da ake kira sisfilatin. A 1974 wani likita a Jami'ar Indiyana, Lawrence Einhorn, ya haɗa shi da wasu magunguna biyu ya fara ba samarin da dajin maraina ya cika wa huhu. Kafin wannan lokaci, cikin mutum 10 da ciwon ya yaɗu a jikinsu da ƙyar 1 yake tsira. Yau wajen 8 cikin 10 suna warkewa sarai. In aka haɗa da waɗanda aka kama da wuri, a ƙasashen da ake samun kulawa yadda ya kamata, kusan 95 cikin 100 suna rayuwa.

Masu son ƙwallo ba su manta daren 11 ga Fabrairun 2024 a Abijan ba, lokacin da Kodebuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka. Wanda ya zura ƙwallo ta biyun, Sébastien Haller, a watan Yulin 2022 aka gano yana da dajin maraina, yana ɗan shekara 28, bai daɗe da komawa ƙungiyar Borussia Dortmund ba. An yi masa tiyata sau biyu, ya sha maganin daji, ya dawo fili a Janairun 2023. Ƙwallon ta yi wa 'yan Najeriya ciwo, amma duk mai wannan larura ya dubi mutumin nan ya ga abin da magani ke iya yi da ikon Allah.

Haɗin da ake bayarwa yanzu magani uku ne: biliyomaisin da itofosaid da sisfilatin, likitoci na taƙaita shi da BEP. Ana yin sa zagaye-zagaye, kowane zagaye kwana 21. Kwana 5 na farko ana ƙarin ruwa kullum, sai allurar biliyomaisin sau ɗaya a mako, sai hutu. Yawanci zagaye 3 ne ko 4, wato mako 9 zuwa 12. Tsofaffin magunguna ne, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. In an gama, a sake hoto. In akwai ragowar ƙulli a bayan ciki, musamman a wanda ba seminoma ba, sai a sake tiyata a kwashe.

Ba zan ɓoye muku ba, maganin nan yana da wahala. Akwai tashin zuciya da amai, ko da yake akwai magungunan da ke rage su sosai. Gashi zai zube, ya kuma sake tsirowa. Sisfilatin yana taɓa ƙoda in ba a sha ruwa da yawa ba, shi ya sa mai shan sa ba zai yi azumi a lokacin ba, sai ya rama in ya warke. Ya nisanci magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, don kada a haɗa wa ƙoda nauyi biyu. In ya ji kunnensa na ƙara ko yatsunsa na mutuwa, ya faɗa. Biliyomaisin yana iya taɓa huhu, saboda haka sigari da shisha sun haramta gare shi, kuma duk ranar da za a sake yi masa tiyata, ko bayan shekaru ne, ya gaya wa mai sa barci cewa ya taɓa shan sa. Zazzaɓi kuwa a tsakiyar magani, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa kai tsaye, domin garkuwar jiki ta yi ƙasa, kada a tsaya cewa maleriya ce.

Babban abin da ke kayar da marasa lafiyarmu shi ne yankewa a tsakiya. Bayan zagaye na farko ko na biyu ƙari yakan motse, ciwon baya ya tafi, mutum ya fara cin abinci. Sai a ce ai ya warke, ga kuɗi sun ƙare, a koma gida. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, in suka dawo maganin farko ba lallai ya sake kama su ba. Jinkirta zagaye ma yana rage ƙarfin aikin. Saboda haka 'yan'uwa da dangi, tun kafin a fara ku zauna da likita ya faɗa muku abin da aikin zai ci daga farko har ƙarshe, ku yi karo-karo a kan duka, kada ku tara na zagaye ɗaya kawai. Masu hannu da shuni, ga saurayi mai iyali da mako 12 na magani zai iya mayar wa da rayuwarsa gaba ɗaya. In ana neman inda zakka da sadaka za su yi amfani, ga wuri.

Bayan an gama, zuwa asibiti bai ƙare ba. Ana bibiya aƙalla shekara 5, an fi matsawa a shekara 2 na farko, don a nan ne ciwon ya fi dawowa.

Na san tambayar da ke cin ran kowane namiji tun da na fara magana, ita ce ta mazakuta da haihuwa. Ɗan maraina ɗaya lafiyayye ya ishi namiji, ta wajen sha'awa da ƙarfi da haihuwa. Wanda ya zauna a ciki har mutum ya balaga, da wuya a ce yana samar da ƙwayoyin haihuwa, don haka cire shi ba ya rage komai a wannan fanni. Maganin daji yana rage ƙwayoyin haihuwa na wani lokaci, a yawancin maza suna farfaɗowa cikin shekara 2 zuwa 5. Inda ake da wurin ajiyar maniyyi, ana iya ajiyewa kafin a fara, a tambayi likita. Zai kuma faɗi tsawon lokacin da ya kamata a jinkirta ɗaukar ciki bayan magani. Wanda duka biyun ne ba su sauko ba, haihuwa takan yi masa wuya tun asali, kuma in dole ta sa aka cire duka, akwai allurar sinadarin maza da za ta riƙe masa ƙarfinsa da muryarsa da ƙashinsa. Ina kira ga mazan da suka shekara da shekaru ba haihuwa, ana ta kai mata wajen masu magani, alhali su sun san yadda jikinsu yake: ku ji tsoron Allah ku je a duba ku.

To wanda ba ya jin ciwon komai fa, amma ya san nasa bai sauko ba? Kada ya jira alama. Ya je ya ga likitan mafitsara. In ya riga ya balaga kuma ɗayan lafiyarsa ƙalau, abin da aka fi ba da shawara shi ne a cire wanda ya maƙale. In shi kaɗai ne gare shi, ko duka biyun ne, likita na iya ƙoƙarin sauko da shi inda za a riƙa taɓa shi ana dubawa. In mutum ya haura shekara 50, haɗarin ya ragu sosai, ana iya barinsa a riƙa sa ido. Wanda kuma aka yi wa aikin tun yana yaro, ya riƙa duba kansa sau ɗaya a wata bayan wanka da ruwan ɗumi, yana murza kowanne a hankali tsakanin yatsu. Duk tauri ko ƙulli ko canjin girma, ko babu zafi, a kai wa likita cikin makon.

Iyaye mata, ungozomomi, kakanni masu wankan jariri, ga naku rabon. Lokacin wanka da ruwan ɗumi, jaka takan saki. Ku taɓa a hankali ku tabbatar biyu ne. Sanyi kan sa su noƙe sama su sake dawowa, wannan daban ne. Amma in kullum ɓangare ɗaya fayau yake, ku faɗa a wurin rigakafi, a mako na 6 ko na 10 ko na 14. In yaro ya cika wata 6 bai sauko ba, likitan tiyatar yara ake nema, kuma an fi so a yi aikin kafin ya cika shekara 1, kada dai ya wuce wata 18. Ƙaramin aiki ne, sau da yawa a ranar ake sallama. Kada a ce a bari sai ya girma zai sauko da kansa. Wanzamai masu kaciya, ku ne kuke ganin abin da wasu ba sa gani, in kun lura ku gaya wa uban yaro.

Wuraren da za a dosa: a Najeriya akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, da na Tarayya da ke Gwambe, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar a fara da manyan asibitocin Damagaram ko Maraɗi, su tura mutum cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. 'Yan'uwanmu na zango a Gana, akwai Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a Kumasi da asibitin koyarwa na Tamale. In za a tafi, a karɓi takardar turawa daga asibitin kusa, a haɗa duk hotuna da sakamakon gwaje-gwajen da aka taɓa yi a leda ɗaya, a kuma tafi da ɗan'uwa guda da zai riƙa jin bayanin likita tare da mara lafiya.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki zancen ƙaba da gwaiwa, da yadda ake bambance su da ƙarin maraina.  

(Kiɗan rufe shiri)